Jar Alama a Bangon Gidanmu

Ko na rantse muku ba za ku yarda ba, amma ni kaɗai, da gwangwani da tsumma, na kwashe mutanen bene hawa huɗu na zube su a titi. Ni ɗin nan da malamai suka ce kaina ba ya ja, na bar musu ajinsu ban waiwaya ba.

Tun daminar da benen bayan kasuwa ya rufta da mutane, hukuma ta shiga yi wa tsofaffin gine-ginen tsakiyar gari alama: layi biyu ja a gicciye, kusa da ƙofa. Ma'anarta, ku fita kafin ginin ya fitar da ku. Ma'aikatan ba sa zuwa da rana, don an taɓa yi musu ruwan duwatsu. Da sassafe suke zuwa, su shafa, su tsere.

Telan da ke da shago a ƙasan gidanmu shi ya jawo. Kullum na wuce sai ya ce, "Ɗan Inna, yaushe za a ba ka digirin zaman banza?" Ga cika baki, wai ko ginin zai faɗi sai ya gama ɗinkin da ke gabansa.

Na samo jar kala ta gari, irin wadda ake kwaɓawa da ruwa, don in na gama dariya in wanke abata. Da yamma, maza sun tafi kallon ƙwallo, na zana ta a gefen ƙofa, daidai kan tsagar da ta hau bango, inda na ga ana sawa. Gwaggo, tsohuwar maƙwabciyarmu, ita kaɗai ta leƙo daga shagonta, tana ɗaure kaya, za ta tafi wurin 'yarta da ta haihu. Ta harare ni. Na yi mata fito.

Washegari ihu ya tashe ni. Na sauko na tarar da Tela ya rungumo keken ɗinkinsa, takalmi ƙafa ɗaya, yana kiran matarsa da sunan da bai taɓa kiranta da shi a gaban mutane ba. Na dubi alamar, na yaba wa hannuna. Ta fi yadda na zata girma, ga layin a miƙe, har wani sheƙi take a rana.

Kafin azahar gida ya zama fayau. Ni na goyo Inna daga hawa na huɗu, tana salati a kunnena, ina danne dariya.

Dariyar ba ta daɗe ba. Ruwa ya sauko, ba wanda ke da wurin zuwa. Matar Tela da tsohon cikinta ta kwana a rumfar mai gyaran babur. Yara suka fara tari. Inna ta ƙi cin abinci, sai kallon tagarta take daga ƙasa.

Sai na hau kan benci na ce, "Jama'a, ku koma ɗakunanku. Ni na zana."

Ba su yarda ba. Tela ya ce, "Kai? Ko sunanka ba ka iya rubutawa a miƙe." Wannan ta ƙona mini rai. Na ɗauko gwangwanin, na nuna musu jan da ya maƙale a faratuna, na rantse, na sake rantsewa. Ban taɓa shan wuyar shawo kan mutane irin ta ranar ba, amma na ci nasara. Na sha mari biyu, na kuma ji daɗin yadda layin nan kaf ake zancena.

Dattawan gida suka yanke mini hukunci: in mayar da kayan kowa sama, sannan in wanke bango. Na hau da katifu, da firji, da buhunan hatsi, na cika tankin ruwan da ke rufin. Ƙofar ɗakinmu ta ƙi rufuwa sai da na sa kafaɗa. Na ce sanyin damina ne. Na mayar da Inna kan gadonta, ta ja kunnena, ta sa mini albarka.

Sannan na sauko da bokiti da soso.

Na goga. Ruwan ya gangaro fari tas. Na ƙara sabulu, na sa burushi, har fatar yatsuna ta saɓule. Alamar ko gezau. Wani garin siminti ya zubo mini a kafaɗa, na ɗaga kai. Yara suna guje-guje a hawa na uku, matar Tela tana shanya, Inna tana ɗago mini hannu ta taga. Tsagar bangon, wadda a da farce ke shiga, yanzu ta haɗiye yatsana.

A nan Gwaggo ta sauka daga mota da ƙunshin kayanta. Ta dubi bokitin, ta dube ni, ta ɗaga kai ta ga labule a kowace taga. Ƙunshin ya suɓuce daga hannunta.

"Wa ya mayar da mutane cikin gidan nan?"

"Ni ne, Gwaggo. Ai wasa na yi, kin gani da idonki."

"Naka ai tun asubar ranar na wanke shi, don kar a kama ka," in ji ta. "Wannan ina jiran mota ma'aikatan hukuma masu hular kwano suka zo suka shafa."