Rigar Tsamiyar Ɗayyabu

'Yardada ta ɗaga rigar da telan Alhaji Maharazu ya ɗinko, ta shinshina, ta ajiye gefe.

"Ƙamshin kanti take yi, Alhaji. Ba cikin sabuwar shadda aka kama Malam Ɗayyabu ba."

Alhaji ya haɗiye fushinsa, don fim ɗin da ake wa wannan ɗinki shi ne tsaninsa. Soja sun koma bariki, farar hula sun karɓi ƙasa, ana ta rabon muƙamai, kuma duk mai so a dube shi sai ya nuna tabon da mulkin soja ya bar masa. Shi kuwa Alhaji ba tabo, sai tumbi. Abin da yake da shi aboki ne: Ɗayyabu, malamin firamare a Madabo, mai bakin da ba ya raga wa gwamnati, wanda ya fita wata safiya shekara goma sha biyar da suka wuce, har yau ko takalminsa ba a gani ba.

Tun a lokacin aka fara ƙus-ƙus a unguwa. Sai da Maharazu ya dafa Alƙur'ani a masallaci ya rantse bai sa abokinsa a ido ba ranar, amma maganar ba ta mutu ba, kwanciya kawai ta yi. Shi ya sa ya ɗauki nauyin fim a kan amincinsu. In manyan jam'iyya suka gani, kujera ta tabbata. Masu ƙus-ƙus kuwa ya san su ɗaya bayan ɗaya, ya kuma ci alwashin sai sun gane kurensu.

Ita 'Yardada da ƙafarta ta zo neman aikin tufafin 'yan wasa. Mace ce mai matsakaicin shekaru daga Goron Dutse, ba ta dariya, ba ta kuma yarda da sabon abu. Gida-gida take bi a cikin birni, tana sa mata su buɗe tsofaffin adakoki. Ta samo wanduna masu faɗin ƙafa, da hulunan dara, da atamfofin da aka daina bugawa. In ta kawo su, warin kafur sai ya kori 'yan wasa daga ɗaki. Har yaron da ke fitowa a matsayin Ɗayyabu ba ta ƙyale ba. Ta gyara masa karin hula, ta ce kafaɗar hagu zai fara naɗewa in ya fusata. Alhaji ya jinjina kai, ya ce lallai matar nan ta iya tambaya.

Abu ɗaya ya gagara: rigar da za a kama Ɗayyabu a cikinta. Duk wadda aka kawo sai ta ce ba ta yi ba. Rannan ta roƙi iznin shiga cikin gida ta gaida Hajiya Shamsiyya, matar da Alhaji ya aura bayan rasuwar mahaifiyarsa. Yana saurin tafiya gidan gwamnati, ya ɗaga mata hannu kawai. Ranar da aka ɗauki wajen kamun ma ba ya gari.

Aka sa ranar nuna fim bayan la'asar, a zauren taro na Gwale. Manyan jam'iyya a gaba, dattawan Madabo a bayansu, mata a gefe guda. Alhaji ya sa an zaunar da Malam Garba, yayan Ɗayyabu, kusa da shi, don kowa ya gani.

Komai ya tafi daidai. Aka yi dariyar wanduna, aka share hawaye wajen da Maharazu na fim ke rarrashin abokinsa ya gudu. Sai ga Ɗayyabu na fim ya fito daga soro cikin rigar tsamiya mai aska biyu, da ƙunar dutsen guga a kafaɗa, an cike ta da jan zare.

Rigar nan ba baƙuwar dattawan Madabo ba ce. Da kwatancenta suka bi asibitoci da tashoshin mota suna cigiya, wata da watanni.

Safiyar ɓatan ta dawo wa Alhaji tiryan-tiryan: Ɗayyabu ya shigo ta ƙofar baya yana haki, ya tuɓe rigarsa, ya sa tsohon kaftanin Maharazu don ya ɓad da kama, ya faɗa masa motar da zai shiga. Kafin azahar sojojin da ke nemansa sun san kaftanin, sun san motar, daga bakin Maharazu. Rigar kuwa Maharazu ya ba mahaifiyarsa ta ƙone. Ashe tsohuwar Kano ba ta iya sa wa tsamiya wuta ba.

Malam Garba ya miƙe a hankali. "Da rigar nan ƙanena ya fita. A ina aka samo ta?"

Daga cikin mata, Hajiya Shamsiyya ta amsa cike da alfahari. "A gidanmu, Baba. Can ƙasan adakar Inna."

Manyan jam'iyya suka fara laluben takalmansu. Alhaji ya waiga yana neman wadda ta jawo masa wannan, ya hango 'Yardada a bakin ƙofa, rungume da rigar a ƙirjinta, tana kallonsa ido cikin ido, tsofaffin matan Madabo sun kewaye ta suna mata ta'aziyyar mijinta da ba su samu yi ba tun wancan lokaci. Shekara tara ya yi yana cin tuwon matar Ɗayyabu a soro, bai taɓa ganin fuskarta ba sai ranar da ta zo masa neman aiki.