Mahaifin da Ya Fi Kowa Ɗaga Murya

"Hukuncin nan ya yi kaɗan!" in ji Wendell Pruitt, yana fuskantar 'yan jarida a ƙofar filin wasan kwalejin. An ƙwace kofunan ƙungiyar ƙwallon, an kuma dakatar da ita, saboda ta rufa asirin kocin da ya riƙa lalata yara a sansanin hutu.

"An gaya musu, suka toshe kunne don kada sunansu ya ɓaci. Ɗana yana cikin yaran nan. Duk wanda ya ji ya yi shiru, kurkuku ya dace da shi."

Aka yi ta tafa masa.

A mota ya dubi ɗan nasa, Darnell, wanda yanzu ya zama magidanci. "Ka ga yadda na wanke su tas?"

"Na gani, Baba."

"To, me ya sa ka ɓata rai?"

Darnell bai ɗago ba. "Ai kai na fara gaya wa. Ka ce in rufe bakina, shi zai samo mini gurbin karatu."

Wendell ya buɗe baki zai musa, sai ya tuna har rigar da yaron ya sa ranar. Ya kifa kansa a kan sitiyari.