Abin da Ya Koro Auta

"Tsoro ne kawai, Auta! Ki taka katakon da ƙarfi, ki dafa teburin, ki yi alkafura!" Koci ya daka mata tsawa. Gobe ne gasa, amma duk ta sheƙo sai ta ci birki a gaban teburin tsallen.

Can sai ga ta a guje kamar an harbo ta. Ta taka, ta dafa, ta juya a sama, ta dira cak.

Koci ya bugi ƙirji. "Kin gani? Ni ban san tsoro ba, shi ya sa..."

"Ɓera ne ya biyo ni, Malam. Ga shi nan bayanka."

Da tumbinsa da komai, tsalle ɗaya Koci ya yi ya haye teburin. Ko katakon bai taka ba.