Sakainar Cikin Kwalekwale

An yi wata mata da mijinta, shekararsu ashirin da bakwai tare bai taɓa fita da ita shan iska ba, daga gidan biki sai asibiti. Da suka aurar da autarsu gida ya yi shiru, ran nan sai ya ce ta shirya zai kai ta babban tafkin nan na bayan gari ta ga ruwa, kuma shi da kansa zai tuƙa ta, don a bakin kogi ya tashi. Baiwar Allah ta kwana biyu tana zaɓen kaya, ta ƙare a kan farin leshinta na fita kunya. Suka isa da hantsi, suka yi hayar kwalekwale wurin wani tsoho da ya tsufa a wannan gaɓa. Ita aka fara shigarwa. Tana zama ta ga wata sakaina a gindin ƙafarta, baƙa ƙirin, bakinta duk ya gutsure, sai ƙarnin kifi take. Ta dubi leshinta, ta dubi sakaina. Maigidan na can ya ba ta baya yana naɗe ƙafar wando suna raha da tsoho, sai ta kama ta da yatsa biyu ta cusa cikin ciyawar bakin ruwa, ta goge hannu. A ranta ta ce, mutanen nan dai ba su san shara ba. Abin da ba ta sani ba, jirgin katako ba ya rabo da yoyo, komai kyansa yana shan ruwa kaɗan-kaɗan, kuma da wannan sakainar ake kwarfewa.

Da farko tafiya ta yi daɗi. Ga balbelu, ga furen bado fari fat, mijin yana nuna mata inda kogi ke zubowa cikin tafkin, tana dariya irin wadda ta manta tana da ita. Sun yi nisa har mutanen gaɓa sun koma kamar tururuwa, sai ta ji sanyi a tafin ƙafarta. Kafin wani lokaci ruwa ya rufe idon sawu. Mijin ya ce, "Hajiya, ɗauki sakainar nan ki kwarfe mana." Maimakon ta faɗi gaskiya tun abin yana tsakaninsu su biyu, sai bakinta ya ce, "Wace sakaina, Malam?" Ya laluba gaba, ya laluba baya, babu. Ya cire hularsa ya miƙa mata, tana ɗiba ruwan na tsiyayewa, ta koma da tafin hannu. In ya saki filafilin tuƙi ya taya ta, iska ta juya su ta ƙara nausawa da su tsakiya. In ya koma tuƙi, ruwa ya ƙaru. Ita ko iyo ba ta iya ba, ban da salati ba abin da ke fita bakinta. Allah ya kawo wasu masunta biyu suka jawo su, ruwa ya kai mata ƙauri, leshi ya koma launin taɓo.

Suna taka tudu, mutumin da bai taɓa ɗaga wa kowa murya ba ya caƙumi wuyan rigar tsoho. "Ka sake mu cikin ruwa babu abin kwarfa, so kake ka kashe mini mata?" Tsoho ya rantse cewa da hannunsa ya ajiye sakaina a ciki. Jama'a suka taru, aka kira sarkin ruwa. To, a wannan gaɓa doka ce tun kakanni, duk wanda ya ba baƙo jirgi babu sakaina ya rabu da gaɓar ke nan. Sarkin ruwa ya duba ciki bai gani ba, ya ce a ja jirgin tudu a kife shi. Ita tana tsaye tana ɗigar ruwa, mata na yi mata sannu, kowace sannu kamar mari. Ta so ta yi shiru, wallahi ta so, don wa ya gan ta? Sai ta ga tsoho ya bar rantsuwa, ya tsuguna yana kallon hannuwansa, yana cewa a hankali, "Ko dai tsufa ne ya fara cin hankalina?" Nan ƙafarta ta ɗauke ta. Ta ratsa mutane, ta kutsa cikin ciyawa har gwiwa, ta lalubo sakainar, ta dawo ta durƙusa gabansa. Ta ce, "Baba, ni na jefar, ƙyamarta na yi." Tsoho ya karɓa, ya juya ta, ya ce, "Alhamdu lillahi. Gara da ke ce, 'yata, na ɗauka kaina ne ya tafi." Da ya zage ta da ya fi mata sauƙi. Mijin ya zo ya tsuguna kusa da ita, babu hula, da furfurarsa, yana roƙon gafarar mutumin da ya ci wa kwala a bainar jama'a saboda maganarta. Har suka isa gida ba ta iya ɗaga ido ta dube shi ba.

Shi ya sa in ka shiga wurin da ba naka ba, ka ga abin da ba ka gane ba, ka tambaya kafin ka kai hannu. Masu iya magana sun ce, hakin da ka raina shi ke tsone maka ido.