Harajin Ƙara

Tun da motoci suka koma na lantarki, titunan Gusau suka yi tsit. Malam Tanimu, tsohon direba, yakan biya harajin ƙara duk shekara don motarsa ta riƙa ruri irin na injin fetur. Da rurin nan matarsa Delu, wadda ta rasa ganinta, take gane ya dawo.

Bana da ya je sabunta rajista, ma'aikaciyar ta ce, "Baba, an soke harajin nan. Ƙarar ma an hana."

Ya iso gida shiru. Delu na zaune a zaure, kunnenta a titi. Ya daɗe yana kallonta, sannan ya yi rurin da bakinsa.

Ta yi dariya. "Malam, yau injin naka mura yake yi?"