Shaidar Bahago

Tun da sassafe aka raba wa leburori sababbin hulunan kwano, har da takalman roba masu ƙamshin kanti. Kowa ya gane, yau mai bincike za ta zo.

Asibitin gwamnati suke ginawa, kuma doka ta yanka abin da za a biya ma'aikaci a yini. Ɗan kwangila kuwa rabi yake ba su, wanda ya yi ƙorafi a nuna masa ƙofa. Amma shaidar mutum ɗaya ta isa a ƙwace kwangilar, a maka shi kotu, a cika musu haƙƙinsu.

Sai leburori suka tsayar da tsohon magini, Bahago, ya zama shaidarsu. Ba a taɓa kama shi da ƙarya ba. Shi kaɗai ne kuma ɗan kwangila bai taɓa daka wa tsawa ba, in ya hango shi ma sauya hanya yake yi.

"Bakinka muke jira, Bahago," in ji wani kafinta, wanda matarsa ke kwance ba magani. "Don Allah ka fitar da mu."

Tsoho ya ci gaba da goge cokalin gininsa.

Mai bincike ta iso da hantsi. Ɗan kwangila na biye da ita, gumi sharkaf, yana nuna mata bango da hagunsa. Ta tsaya gaban Bahago, ta dubi tafukansa da siminti ya tsattsaga.

"Baba, tsakaninka da Allah, ana biyan ku yadda doka ta ce?"

Tsoho ya sunkuyar da kai.

"Ana biya, 'yata. Cif-cif."

Wayyo! Kafinta ya zauna daɓas kan bulo, ya dafe kai yana hawaye. Motarta na fita aka bi su ana karɓe huluna da takalma. Wani lebura ya tofar da yawu gaban tsoho.

"Da furfurarka! Nawa aka saye ka?"

Bahago shi kaɗai ya tako zuwa gida. Ya zube kan tabarma, ko ruwa bai nema ba, ya fashe da kuka. Matarsa ta durƙusa gabansa.

"Malam, yaya aka ƙare?"

"Na ci amanar mutanen da muke shan rana tare," ya ce. "Kwantar da hankalinki, kwangilar ɗanmu ta tsira, ba za su ɗaure shi ba. Amma wallahi ko kallona bai yi ba."