Babi na Talatin da Uku

Littafin da ta saya a bakin titi ba shi da bangon baya, kuma abin bai dame ta ba sai da aka kai babi na talatin.

Aikinta guga ne a wani otal, a ɗakin ƙasa marar taga, daga ita sai zannuwan gado da tururi. Shekara shida da rasuwar mijinta, 'ya'yanta biyu kowa ya kama gabansa, sai saƙon gaisuwa in an tuna. Idan ta koma gida ba mai ce mata sannu da zuwa sai firji da gurnaninsa. Shi ya sa ba ta haɗa ƙarfe biyar na yamma da komai. A lokacin ne zaurensu na karatu a intanet yake haɗuwa ta kiran murya.

Su ashirin suka fara, yanzu saura huɗu. Akwai Malam, tsohon malamin makarantar da ya kafa zauren, da Direba mai jan babbar mota, da Mai Kemis, sai ita da suke kira Inna. Ba wanda ya taɓa ganin fuskar wani. Wani tsohon littafin kasada suke karantawa, labarin kyaftin ɗin da jirgin ruwansa ya ɓace a teku, ya shekara uku yana neman hanyar gida. Kowa da ranarsa, kowa da babinsa.

Malam mutum ne mai doka, ko tari za ka yi sai ka kashe makirufo. Dokarsa ta farko, wanda ba shi da littafin a hannu ba ya cikin zaure, kuma ya taɓa korar wata da ya kama tana karanto taƙaitaccen labarin. Ta biyu, ranar da aka gama littafi za a yi sallama a rufe zauren, don shi bai buɗe dandalin hira ba.

Ranar babi na talatin Malam ke karatu, Inna tana bin nata da yatsa. Jirgi ya hango fitilun garinsu, matuƙa suna ta ihu, sai shafinta ya ƙare a tsakiyar jimla. Malam ya yi gyaran murya, ya ɗan jima, aka ji ya juya takarda. Sai ga guguwa ta taso ta mayar da jirgin tsakiyar teku.

"Kai, wannan marubuci ba shi da tausayi!" in ji Direba, aka kwashe da dariya.

Ita dai ba ta yi dariyar ba. Saura kwana uku ranarta ta zo, ga hannunta babu komai.

Washegari Direba ya karanta nasa da in'ina. Sitiyarin jirgi ya karye, matuƙa suka ɓata rabin babi suna gardamar yadda za a ɗaure shi da waya. A babin Mai Kemis zazzaɓi ya shiga jirgin, kyaftin yana ta jaddada cewa shan maganin safe da yamma ne, kuma bayan an ci abinci. Kusan duk bai shiga kunnenta ba. Ta zaga shagunan littattafai biyu bayan an tashi aiki, ba wanda ma ya san littafin. In ta faɗi gaskiya, Malam zai cire ta cikin ladabi, ƙarfe biyar ta koma irin sauran awoyin.

Sai ta zauna ta rubuta nata a bayan takardun karɓar wanki. Filafilan jirgi sun yayyage, wata tsohuwa da ke zaune ita kaɗai a tsibiri ta ɗinke su, ta gasa gindin tukunya ta goge su tas, ba ta nemi komai ba sai a kwana biyu ana hira da ita. Inna ta karanta, tana juya tsohuwar kalanda kusa da waya don a ji ƙarar shafi.

Ta kai ƙarshe ta ajiye takardun.

"Madalla, Inna," in ji Malam.

"Haka yake a nawa," in ji Direba.

"Ni ma," in ji Mai Kemis.

Wannan ya fi kora yi mata ciwo. Ga littattafansu a buɗe a gabansu, sun san sarai ƙarya ta shirga, suna rufa mata asiri ne kawai kamar yadda ake yi wa tsohuwar da ta fara rikicewa. Kunya ta hana ta cin abinci. Kwana biyu tana shiga zauren tana saurare, jirgi kuma yana ta yawo daga wannan tsibiri zuwa wancan. Ta ƙudura ba za ta sake zama abin tausayi ba.

Ranar hutunta ta shiga mota biyu zuwa babban ɗakin karatu, da yagaggen littafinta a jaka. Ma'aikaciyar wurin ta daɗe a ciki kafin ta fito da irinsa, cikakke, da bangonsa gaba da baya.

"Mama, wane babi kike nema?"

"Na talatin da bakwai, 'yata. Gobe ni ce da karatu."

Ma'aikaciyar ta buɗe ƙarshen littafin, ta karɓi na Inna ta jera su a kan tebur. Ta dubi wannan, ta dubi wancan.

"Anya, Mama? Ai duka littafin babi talatin ne. Naki ma shafi ɗaya kawai ya rasa, ga shi nan, jirgin ya isa gida lafiya."